Ni Na Ɗauke Sulen Mujiyar Surukina, Amininsa Ake Zargi

Assalamu alaikum Hajiya mai shafi, da ku 'yan uwa masu karatu. Ina gaishe ku, da fatan kowa yana lafiya shi da iyalinsa. Don Allah ki ɓoye sunana da lambata, domin unguwarmu kowa ya san kowa, kuma na tabbata akwai 'yan layinmu cikin masu bibiyar shafin nan. Sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne. Ina roƙonku kada ku yi saurin zagina, ku daure ku karanta har ƙarshe tukuna. Na san na yi laifi, ba sai an gaya mini ba. Shawara nake nema, don kaina ya kulle.

Ni matar aure ce, ina zaune a cikin gari wajen Gwammaja, a gidan iyayen mijina. Mijina a wata jiha yake aiki, sai ƙarshen wata yake leƙo mu. 'Yarmu ɗaya, Ummi, sunan mahaifiyarsa mai rasuwa ta ci. Don haka yawancin lokaci daga ni sai Ummi sai surukina, wanda kowa ke kira Baba Malam. Tsohon malamin tarihi ne, ya yi ritaya, kuma wallahi tunda na shigo gidan nan bai taɓa ɗaga mini murya ba. Yana saurayi ya yi karatu a Masar, a can ya kwaso wata sha'awa da ban taɓa ganin mai irinta ba: tara tsofaffin sulallan Rumawa da na Girkawa, kuɗin da aka daina kashewa tun kafin zuwan Musulunci. Yana da akwatin katako mai hawa-hawa a ɗakinsa, kowane hawa an shimfiɗa masa jan karammiski, kowane sule da gurbinsa. Yawancinsu na tagulla ne, sun yi kore-kore, ga kawunan sarakuna da ganye a naɗe a goshi. Ba ya bari a wanke su da sabulu, wai wannan koren shi ne darajarsu. Idan ya fito da su zaure, ya ɗauki gilashinsa mai ƙara girman abu, to ko abinci ka ajiye sai ya huce.

Mutum ɗaya ne a duniya Baba Malam ya yarda ya riƙe sulallan nan da hannunsa, shi ne amininsa Alhaji Sabo, marini a Ƙofar Mata. Tun makarantar allo suke tare. Kullum bayan La'asar sai ya zo, na kai musu shayi zaure, su yi ta hira har Magariba. Shi Alhaji Sabo ba ya tara komai, tsokana kawai yake zuwa yi. Sai ka ji yana cewa, “Malam, kuɗin da ba za su saya maka goro ba, ina amfaninsu?” Baba Malam ya ce, “Kai da hannunka ya rine da shuni, riƙe shi ta gefe don Allah.” Su yi ta dariya kamar yara.

Farkon damina ƙanin mijina da ke karatu a Turai ya aiko wa Baba Malam da wani sule da ya daɗe yana buri, ya saya wajen masu cinikin irin waɗannan kaya, har da takardarsa. Ranar da ya iso, Baba Malam ya ƙwala mini kira, “Maman Ummi, zo ki ga abin da na yi shekara da shekaru ina mafarki!” Na zo da Ummi a hannu. Na azurfa ne, mai kauri, bai gama zagaye ba. Gefe ɗaya fuskar wata mace ce da hular yaƙi. Da ya juya ɗaya gefen sai gabana ya faɗi. Mujiya ce. Mujiya sosai, da manyan idanu kamar za su fito, tana kallon mutum kai tsaye, ga wani sara a tsakiyar kanta. Ya yi mini bayani cewa su Girkawa alamar hikima suka ɗauke ta, saran kuma wani ɗan kasuwar zamanin ne ya yi don ya tabbatar azurfa ce har ciki. Ni dai “to Baba” kawai nake cewa, tsikar jikina tana tashi. Ummi ta miƙa hannu, sai ya ce, “Amaryata ma tana so ta gani,” ya ɗora mata a tafin hannu, ta kai baki, ya karɓe yana dariya. Alhaji Sabo na gefe ya ce, “Wannan kam wata rana sai na sace ta na kai wa maƙera su yi mini zobe.”

A cikin satin nan zazzaɓi ya kama Ummi. Da rana tsaka ina goye da ita na ji ta sandare a bayana, na sauke ta, idanunta sun juye, tana taune-taune. Duk uwar da ta taɓa ganin wannan ta san abin da nake nufi. Baba Malam da kansa ya tare mana adaidaita, ko takalmi bai sa daidai ba. A asibiti aka yi mata allura ta dawo hayyacinta, aka sallame mu.

Cikin masu zuwa dubiya har da Gwaggo Lami, ƙanwar mahaifina. Dillaliya ce, tana yawo gida-gida da atamfofi da 'yan kunne, kuma ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, don haka ba na ɓoye mata komai. Ta ce in gaya mata duk abin da yarinyar ta ci ko ta taɓa. Da na zo kan sulen sai ta dafe ƙirji. “Mujiya? A gidan da ke da ƙaramar yarinya? Har ya sa mata a baki kina tsaye kina kallo?” Na ce ai Baba Malam mutumin kirki ne, sha'awa ce kawai. Ta matso ta rage murya. “Ke yarinya ce. Kin taɓa tambayar kanki me tsoho yake yi da kawunan mutane cike da akwati? Wa ya ce miki saran nan na ɗan kasuwa ne? Ita uwar mijin naki, kin san abin da ya kashe ta?” Na ce hawan jini aka ce. Ta ce, “Aka ce.”

Jama'a, daga ranar idona ya canza. Abubuwan da na saba gani kullum suka koma mini wani iri. Na leƙa na ga Baba Malam ya sunkuya a kan sule yana motsa baki, alhali na san rubutun jiki yake karantawa, amma sai zuciyata ta ce wa ya sani? Na ga kofin da yake jiƙa sababbin sulalla cikin man zaitun don ƙasar jikinsu ta saki, na tsaya ina tunanin ko jiƙo yake haɗawa. Ya miƙa wa Ummi dabino, sai na faki idonsa na ƙwace na jefar. Mutumin da ke biya mini kuɗin magani, mutumin da ke ce mini 'yata, shi nake leƙe ta kafar ƙofa kamar maye. Me ya same ni? Wallahi ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka aka yi. Da zazzaɓin ya sake dawo wa Ummi, ko da ba ta yi taune-taune ba, sai na ji ba zan iya zama ina jira ba.

Rannan Baba Malam da Alhaji Sabo suna zaure, sun fito da hawan da mujiyar take. Hira ta ja su har aka tayar da sallar Magariba, suka fita da sauri, suka bar shi a kan darduma. Na shiga kwashe kofunan shayi. Ban shiga da niyyar ɗauka ba, Allah shi ne shaidata, amma da na ga idanun nan suna kallona sai kawai na ji hannuna ya kai. Na ƙulle shi a bakin zanina, na kwashe kofuna, na fita. Da suka dawo Baba Malam ya mayar da hawan cikin akwati bai lura ba, saboda yanar ido ta fara damunsa, ba ya gani sosai idan rana ta faɗi. Washegari da safe na ce zan kai Ummi awo, na wuce gidan Gwaggo na damƙa mata. Ta ce za ta kai wa wani malami ya karya abin da ke jiki, sannan a binne shi inda ba mai tonowa.

Ummi ta warke. Da na koma asibiti likita ta zaunar da ni ta ce cizon sauro ne, kuma zafin jiki idan ya yi yawa yakan sa ƙananan yara taune-taune, in riƙa sa ta a gidan sauro, in riƙa shafa mata ruwa kafin zafin ya hau. Gwaggo kuwa cewa ta yi, “Kin gani ko? Daga fitar da abin nan yarinya ta miƙe.” Ni kuma na tsaya a tsakiya, ban san wa zan gaskata ba.

Can gida kuwa Baba Malam ya gano babu sulen. Ban taɓa ganinsa haka ba. Tsoho da ciwon gwiwa ya durƙusa yana lalube ƙarƙashin kujera, ya kakkaɓe darduma, ya zazzage aljihunan rigunansa, har kwandon shara ya sa na juye masa a tsakar gida yana tonawa da sanda. Ya ɗago ya ce, “Maman Ummi, da kika kwashe kofuna ba ki ga wani abu ya faɗi ba?” Na ce, “A'a Baba.” Ya ce, “Na sani. Ke da ko kallonta ba kya son yi.” Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Da La'asar Alhaji Sabo ya zo kamar kullum. Ina kawo shayi na ji Baba Malam yana cewa, “Sabo, idan wasa ne ya isa haka, dawo mini da ita.” Alhaji Sabo ya yi dariya ya ce wace? Da ya ga fuskar Baba Malam sai dariyar ta tsaya. Ya ce, “Malam, ni kake tuhuma?” Baba Malam ya ce, “Ban tuhume ka ba, tambaya na yi. Kai ka riƙe ta ƙarshe, kuma da bakinka ka ce sai ka sace ta.” Alhaji Sabo ya ce, “Ni na wanke mahaifinka da hannun nan. Yau a kan ƙarfe kake tambayata.” Ya sa takalmansa ya fita, shayin ko taɓawa bai yi ba. Ina tsaye da faranti a hannu, kalma ɗaya ce za ta raba wannan rigima, kuma na kasa furta ta. Wace irin zuciya ce da ni?

Tun daga ranar Alhaji Sabo bai sake zama a zauren ba. Maganar ta fita unguwa, ban san ta bakin wa ba. Masu cewa ai dama kasuwar rini ta ja baya, masu cewa ai an ga Alhaji Sabo wajen maƙeran azurfa. A masallaci, mutanen da suka yi shekaru suna tsayawa kafaɗa da kafaɗa yanzu kowa da ƙarshen sahunsa. Matar Alhaji Sabo, Hajiya Binta, ta tare ni a gidan suna, ta riƙe hannuna tana hawaye, ta ce, “'Yar nan, ke ce a gidan, ki taya mu dubawa, Alhaji ko abinci ba ya ci.” Na ce in sha Allahu Hajiya. Mijina kuma da ya ji a waya sai ya hau faɗa, wai idan ya dawo sai ya kai maganar gaban mai unguwa, in ta kama har wajen 'yan sanda, don ba za a raina mahaifinsa ba. Na ce ya yi haƙuri a bi a hankali, sai ya ce, “Ke me ya sa kike kare shi?” 

Ashe Alhaji Sabo bai zauna ba. Ya shiga kasuwa rumfa-rumfa wajen masu sayar da kayan tarihi da masu awon azurfa yana tambaya. Kwanakin baya da hantsi sai ga shi a ƙofar gida. Ya ƙi shigowa, daga bakin zaure ya tsaya. Ina bayan ƙofar tsakar gida ina shanya, ina jin komai. Ya ce, “Malam, ba gaisuwa ta kawo ni ba. Wani mai rumfa ya ce mini wata dattijuwa dillaliya ta kawo masa azurfa mai hoton mujiya, da sara a ka. Ta tambayi nawa zai saya, ya faɗa, ta ƙulle kayanta ta tafi. Ni dillaliya ba ta shiga gidana. Ka duba masu shigo maka.”  Na ɗan leƙo, sai idona ya faɗa cikin na Alhaji Sabo. Kallon da ya yi mini har yanzu ina jin sa a jikina.

Ko mayafi ban gyara ba na tafi gidan Gwaggo. Na ce ina sulen? Ta ce an binne. Na ce ta kai ni wajen malamin in ji daga bakinsa. Ta ce ya yi tafiya. Na ce to wace dillaliya ce ta kai shi kasuwa? Sai ta ɗaure fuska. “Dillalai nawa ne a garin nan? Kuma ko ni ce, tambayar farashi laifi ne? Ba zan san abin da na ɗauko ba?” Na fara kuka na ce Gwaggo ki rufa mini asiri ki ba ni in mayar, aurena ne zai mutu. Ta ce, “Auren naki zai mutu ne ranar da kika buɗe baki. Ni ban shiga zauren kowa ba. Wa ya ɗauka?” Ina fitowa na lura da sabon firji a ɗakinta, ko ledarsa ba a gama cirewa ba. Wataƙila adashi ta ɗauka, ban sani ba. Amma a hanya na tuna wani abu: ranar da na fara ba ta labari, kafin ta ce komai a kan mujiya, sai da ta tambaye ni, “Azurfa ce tsantsa? Daga Turai kika ce?” Shin tsoron lafiyar Ummi ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, ko tun a lokacin ta gama lissafinta? Matar da ta goya ni? Ko kuwa ni ce yanzu nake yi mata irin zargin da na yi wa Baba Malam ba tare da hujja ba? Wallahi na daina yarda da tunanina.

Yanzu a gidan nan ba na iya bambance magana da gugar zana. Baba Malam ya rame, ya daina fitowa zaure da La'asar. Ni yake kira ɗakinsa in riƙe masa gilashi, yana nuna mini yadda ake gane na jabu ta gefensa, yana gaya mini wane sarki ne ya yi shekara biyu aka kashe shi, wane ne ya sa hoton matarsa. Abin haushin, na fara jin daɗin sauraro, na fara gane cewa ba komai a cikin akwatin nan sai tarihi da son da tsoho yake yi wa abinsa. Gurbin mujiyar yana nan fayau, ya ƙi sa wani a ciki. Rannan ina riƙe da gilashi ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, “Maman Ummi, Gwaggonki ta kwana biyu ba ta leƙo mu ba. Lafiya dai ko?” Na ce lafiya lau Baba, kasuwa ce. Ya ce, “Kasuwa. To Allah ya ba da sa'a.” Tambaya ce kawai ta mai kirki, ko yana gaya mini ya sani? Idan Ummi ta yi tari sai na firgita, idan an yi sallama sai na ɗauka Alhaji Sabo ne ya zo da mai rumfar. Ko waya mijina ya kira sai na tsaya ina auna muryarsa kafin in amsa gaisuwa.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto shi ne abin da ya faru jiya. An sa wa Baba Malam ranar aikin ido, zai yi 'yan kwanaki a gidan 'yarsa bayan an yi. Ya kira ni, ya ciro makullin akwatin daga aljihu, makullin da ko mijina bai taɓa riƙewa ba, ya sa mini a hannu. Ya ce, “'Yata, riƙe wannan. Ba wanda zai shiga ɗakin nan sai ke, ba kuma wanda zai tambaye ki me kika yi a ciki. Idan Allah ya sa na dawo idona ya buɗe, ina so in buɗe akwatin nan in ga kowane sule a gurbinsa.” Na ce to Baba. Ya riƙe hannuna bai saki ba, ya sake cewa, “Kowanne.”

Na rasa yadda zan fassara wannan. Idan bai sani ba, to ya ba ɓarauniyarsa amanar abin da ya fi so, kuma zai ci gaba da ƙullatar amininsa a kan laifina. Idan kuma ya sani, to ƙofa ya buɗe mini in mayar a asirce ba tare da na ji kunya ba, ni kuwa ba ni da abin mayarwa. Idan na faɗi gaskiya, dole in faɗi dalili, wato in kalli tsohon nan in ce masa na ɗauke shi matsafi mai neman ran jikarsa. Mijina ba zai taɓa yafe mini wannan ba, kuma dangin mahaifina za su ce na tona wa Gwaggo asiri. Idan na yi shiru, mijina yana dawowa ƙarshen wata zai kai Alhaji Sabo gaban mai unguwa, dattijon da bai ci ba bai sha ba. Na yi tunanin in je in durƙusa wa Alhaji Sabo shi kaɗai, amma wa ya ba ni tabbacin ba zai tara mini unguwa ba, bayan abin da aka yi masa?

Don girman Allah ku ba ni shawara, masu zagi ma na yafe muku. Makullin yana hannuna, jibi za a yi aikin. Me zan yi?